Maɗorin da Na Saka a Littafin Jikata

Na kai shekarun da nakan nemi carbina alhali yana hannuna, amma ranar da na tashi ƙona littafin jikata a murhu, ita kam ba ta fita daga raina ba, kuma ba za ta fita ba.

Lokacin malaman jami'a suna yajin aiki, jikokina biyu suka dawo wurina a Yakasai, babbar mace da ƙaninta. Kullum bayan azahar sai ƙawayenta biyu su zo, a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa, a baza takardu. Ni ban taɓa shiga aji ba, amma ina da ido. Takarda ce an zana mata gida-gida, kowane gida da lamba, sak hatimi. Ga wani ɗan lido mai fuska ashirin. A jefa shi, a yi tsit, sai jikata ta sauya murya ta ce, "Dodo ya kama ki." Kwana uku ina zaune kusa da su ina tsintar shinkafar da ba ta da tsakuwa ko ɗaya.

Rana ta huɗu na ji ƙanin ya ce, "To ni yanzu wa nake bauta wa?"

Ban san lokacin da na ajiye faifai ba. Na suri littafin, wani mai baƙin bango, na nufi murhu, jikata tana bina ba ko takalmi.

"Iya, don girman Allah! Shekara biyu nake rubuta shi!"

"Shekara biyu kina zana hatimi? Duba aka tura ki koyowa a jami'ar?"

Ƙanin, da yake ba shi da kunya, ya ce, "Amaryata, in kika ƙona shi na sake ki."

Na ce, "Rufe mini baki, mijin da ko cefane bai iya ba." Na nuna musu tukunyar tuwo. "Kafin ruwan nan ya tafasa ku fahimtar da ni. In ya riga ku, littafi ya bi itace."

Ta durƙusa tana magana da sauri. Wai tatsuniya ce, sai dai kowa yana riƙe da mutum ɗaya a cikinta, ita kuma tana ba da labari. Zanen nan taswirar gari ce. Ɗan lidon shi ke nuna ko abin da mutum ya gwada ya yiwu: babbar lamba nasara, ƙarama kuwa an faɗi. Waɗanda suka ƙirƙiro wasan a ƙasashen waje sun zuba gumaka a ciki, kuma kowace tawaga tana da mai warkar da masu rauni da ikon gunkinsa. Ita kuwa da ta tashi tsara tata ƙasar sai ta kwashe gumakan kaf.

"Ko da wasa ban yarda a yi bautar wani abu ba, Iya. To ga mai warkarwa ya rage, shi ne na ƙanina, ba mu san inda zai samo ikonsa ba. Gardamar ke nan."

Na ce, "Wannan har abin gardama ne? Ku ce malami ne, ya yi addu'a."

Ta ce, "In ya yi addu'a sai an jefa ɗan lido. In ya faɗi a kan ɗaya, me zan ce? Ba ta karɓu ba? Ni wace ce?"

Ni da nake ganin na zo tsare addini, sai ga yarinya ta hango ramin da na nufa kai tsaye. Don kada a ga na sauko na ce, "Boka fa?"

"Boka a gidanki, Iya?"

Ruwa ya fara kuka a tukunya. Sai mahaifina ya faɗo mini a rai. Maɗori ne, can wajen Ƙofar Mata, marina da yawa da santsi ya kayar a bakin karofi shi ya ɗora su. Na ce musu ɗori gado ne, kuma yana da ƙa'ida: in an kira ka ba ka cewa bari in gama cin abinci, ba ka tambayar wane ne ya karye. Ranar da ka ƙi zuwa, a gidanmu cewa ake hannunka ya mutu.

"Waraka ta Allah ce, ku bar ta inda take. Ku jefa abinku a kan hannun mutumin, ko ya ja ƙashi daidai ko ya karkace. Wannan aikin ɗan Adam ne, yana kuskure."

Jikata ta zuba mini ido. "Iya, sake faɗa a hankali."

Tukunya ta tafasa har ta kashe rabin wutar, littafi yana hammatata na manta da shi. Na miƙa mata, na ce ta rubuta daidai.

Ina tuƙa tuwo na ji sun koma wasa. Wai shugaban ɓarayin da suka sace musu raƙuma ne kwance da karyayyar ƙafa, yana kiran maɗori. Ƙanin ya ce, "Wallahi ba zan taɓa shi ba."

Daga bakin murhu na ce, "To a rubuta hannunsa ya mutu."

Ya ce, "Iya, ke fa ba kya cikin wasan!"

"Gidana ne."

Jikata ta ɗaga biro tana jira. Dole ƙanin ya ɗora ɓarawo yana ƙunƙuni. Ɗan lido ya ba shi uku, ɓarawo ya tashi da ɗingishi, ƙawayen suna dariya har da riƙe ciki.

Har gobe ban daina sa ido ba, kuma ban ba kowa haƙuri ba. Amma tun daga ranar, in na ga yara suna abin da ban gane ba, nakan zaunar da su in tambaya kafin in yanke hukunci. Wani lokaci abin da kake tsoro a kansu, sun riga ka jin tsoronsa.