Ƙayar da na cire a dunduniyar ɗana

Saura kaɗan in fasa ba ku wannan labari, don ba ni da daraja a cikinsa. Amma mai ɗakina ta ce in ban faɗa ba ita za ta faɗa, kuma nata ya fi muni.

Shekarun baya, lokacin ina jan kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Damagaram da Agadas, na dawo gida Tanut na tarar da ɗana yana tafiya a kan yatsu, dunduniyar dama ba ta taɓa ƙasa. Shekararsa goma sha ɗaya, ya zaro tsawo kamar karan hatsi. Kullum in an tashi karatu a lakwal sai filin buga balo, ƙafa ba takalmi. Ɗan fari ne, kun san mu da kunya, ko sunansa ba na kira.

Na ce, "Kai, zo nan. Ƙaya ce."

Ban tambaye shi ba, faɗa masa na yi. A nan ƙasarmu ta Damargu, yaro ya yi ɗingishi, me za ka ce in ba ƙaya ba? Ni kuwa ina da matsefata a jikin makullan mota, ta cire ƙayoyin garuruwa da yawa, ina ji da ita.

Na ɗora ƙafarsa a cinyata, na tona, na tona. Babu komai. Ga uwarsa tsaye, ga maƙwabcina ya leƙo yana cewa, "Alhaji ai gwani ne." Sai na lallaɓa hannu gefen tabarma, na tsinci guntun ƙayar aduwa, na ɗaga sama.

"Ga ta nan. Tashi, ka warke."

Ya ce, "Na gode, Baba." Ya taka dunduniyar a gabana, ya fita. Na koma hanya da alfahari.

Bayan sati uku na dawo, mushensu na lakwal, wato malaminsu, yana jira na a ƙofar gida. Ya ce yaron yana cije leɓe yana gudu, in an tashi wasa sai ya zauna bayan aji ya riƙe ƙafa. An ce ya faɗa a gida, ya ce a'a, ai babansa ya riga ya cire.

Wallahi sati uku yaro yana taka ciwo don kada a ce aikin ubansa bai yi ba.

Muka je likita. Majo, mai duba marasa lafiya, bai ko dubi tafin ƙafar ba, gefe biyu na dunduniyar ya matse, yaron ya zabura. Ya ce ƙashin wurin bai gama ƙwari ba, yana kan girma, ga jijiyar baya tana jansa, ga gudu a ƙasa mai tauri. Ya ce ya huta da balo har ciwon ya lafa, ya riƙa miƙa sharaɓa, a sa abu mai taushi a takalmi. Sannan ya ga tabon tonon, ya ce, "Wannan fa, wa ya yi?"

Na ce, "Wani ne a unguwa."

Uwarsa ta yanko soson tsohuwar katifa ta cusa a takalmi. Hutun nan ya fi masa ciwon zafi, yana zaune bakin fili yana ba da umarni. Kafin kaka ya koma gudu. Ciwon ya ɗan leƙo shekara ta gaba, daga nan bai sake ba.

Tun daga ranar, in yaro ya ce wash, sai na tambaya "ina?" kafin in taɓa makullai.

Bara, ranar sunan ɗansa, ɗan nawa yana zuba mani shayi, ba tare da ya ɗago kai ba ya ce, "Baba, ƙayar nan, a tabarma ka tsince ta ko da ita ka zo daga Agadas?"