Malam Hambali Dingaya da Sunayen da Ba a Buga Ba

Ranar Laraba, 17 ga Maris, 1982, ina cikin aji a Gwaram, direban motar Birnin Kudu ya tsaya a bakin makaranta ya sa aka kira ni. Ya ce, "Malam Salihu, sai haƙuri. Malam Hambali ya cika yau da hantsi." Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kafin in isa har an kai ka makwancinka. Ƙasa mai danshi kawai na tarar.

Malam Hambali, shekarar da aka sami 'yancin kai aka turo ni koyarwa Birnin Kudu, ban san kowa ba. Kai ka gan ni a tasha da akwatin ƙarfe ina waige-waige, ka ɗora akwatin a kekenka, ka tura shi muna tafe a ƙasa har gidanka. Na ce kwana biyu zan yi. Sai da na ci tuwon matarka, Inna Batulu, damina biyu, ba ka taɓa tambayata yaushe zan tashi ba. A lokacin ne aka haifi 'yarka Hapsatu, kuma ni na riƙe ragon sunanta aka yanka.

Mutanen garin nan sun san ka malamin tarihi, amma abin da ya fi kawo su ƙofar gidanka shi ne karatun Juma'a bayan la'asar. Kakan bi tsofaffin Dingaya da Farin Dutse ka ji abin da kakanninsu suka gani a zamanin da mahara ke saukowa daga duwatsun kudu, sannan ka ƙaga mutane ka zuba su cikin wannan zamani. Manoma da makiyaya da 'yan tireda sukan cika tabarmi. Wata rana Buba mai shanu ya fashe da kuka a kan wata yarinya da aka kama a bakin rafi. Ka ce masa, "Buba, ni na ƙirƙire ta fa." Ya ce, "Malam, kai ka ƙirƙiri sunan. Yarinyar ƙanwar kakata ce."

Labarin da ka fi so shi ne na Kulu, matar da ta ɓoye yaran unguwarsu cikin kogo, ta hana su kuka da ɗanyen gero har mahara suka wuce. Amma ko a wancan lokaci akwai abin da ke ci maka rai. Duk sanda ka rufe takarda, tambayar da ake fara yi maka ita ce ta sarkin maharan: wane irin doki yake hawa, da gaske ƙarfe ba ya cin sa? Kakan yi murmushi ka ce sai wani makon.

Sai ƙarshen 1980 ya zo. Hapsatu tana aure a Kano, a unguwar da mabiyan wani mutum mai da'awar addini suka tayar da fitina. Ta fito da goyo tana neman hanyar tsira, aka sare ta a bakin lungu. Jaririyarta, Ruƙayyatu, wata mai ƙosai ce ta tsince ta da rai. Gawar Hapsatu kuwa ba mu taɓa gani ba.

Abin da ya biyo baya shi ya karya ka, ba mutuwar kaɗai ba. Wata da watanni hoton mutumin nan bai bar shafin farko na jaridu ba. Aka rubuta asalinsa, da abin da yake ci, da yadda yake kallon mutane. Rediyo ta tara masana suna fashin baƙin maganganunsa. Waɗanda aka kashe kuwa, adadi kawai ake faɗa, shi ma kowace jarida da nata.

Na raka ka Kano, ofishin wata jarida. Kafin nan ka bi gidaje ka tattaro sunayen matattu na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, 'yan ci-rani da matan aure da masu sayar da ruwa. Editan ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka kawo mana lemo. Ka ce, "Ranka ya daɗe, ko a shafin baya ne, a sa su. Iyayensu su ga an san sun taɓa rayuwa." Ya ce, "Malam, wallahi na tausaya. Amma ran da babu fuskarsa a gaba, jaridar dawo mana take yi. Tun da kai marubuci ne, me zai hana ka rubuta mana labarin rayuwarsa? Za mu buga duk mako." Ka miƙe, ka yi masa godiyar lemon da ba ka sha ba. Muka kama hanyar gida.

Ka koma aji, ka tarar yara a filin makaranta suna wasan yaƙi, suna faɗa a kan wa zai zama mutumin nan. Ba wanda ka daka wa tsawa. Ka tsaya ka kalle su, ka juya.

Sau ɗaya ka sake shimfiɗa tabarmin Juma'a. Ka karanta sabon labari, na wata uwa mai goyo a garin da aka kewaye, ba ka saka sarkin mahara ko a layi ɗaya ba. Mutane suka saurara cikin ladabi. Da ka gama, wani saurayi ya ce, "Malam, to shi shugaban nasu fa, ina yake?" Ka naɗe takardunka. Da aka watse ka ce mini, "Salihu, shekara ashirin ina tsammanin Kulu suke zuwa ji." Ba ka ƙara rubuta komai ba. Ciwon ƙirjin da ya kwantar da kai bayan nan, likita ya ba shi suna, amma mu da muke kusa mun ga inda ya faro.

Na so in ce maka wani abu ya sauya, Malam. Bai sauya ba. A motar da ta kawo ni zaman makokinka, hirar mutumin nan ake yi, har da masu rantsuwa bai mutu ba. Da na ce na zo ta'aziyyar Malam Hambali, direban kaɗai ya san wanda nake nufi.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa karamcin da ka yi wa baƙo ya tarbe ka a can. Allah Ya jiƙan Hapsatu da waɗanda suka faɗi tare da ita. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Batulu, da ɗanka Hadi, da 'yan'uwa na Dingaya, da ɗalibanka duk inda suke. Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Ruƙayyatu kuma, da ta fara tafiya tana bin ɗakuna tana neman ka, Allah Ya raya ta, Ya ba mu bakin da za mu gaya mata ko wace ce uwarta.