Kaset Mai Lamba Ɗaya

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yammacin wata Laraba, a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Zamfara, na koya wa yayata Rabi yadda ake toshe ramin kaset. Na san lokacin daidai domin na rubuta shi. A wancan zamani ina da shekara goma sha uku, kuma babu abin da ba na rubutawa a wani littafi mai jan bango da nake ɓoyewa ƙarƙashin katifa: ranar da akuyarmu ta haihu, ranar da ruwan farko ya sauka, sunan duk littafin da na ara da ranar da na mayar. Muna zaune a kan tabarma a gindin dalbejiyar tsakar gidanmu a Kaura Namoda, rakodar Baba tana tsakaninmu, kaset goma sha ɗaya suna jere a gabana bisa lambobin da na manna musu da hannuna. Na yago 'yar takarda daga bayan littafin, na ninke ta sau huɗu, na tura ta cikin ramin da tsinken tsintsiya, na ce mata, “Kin gani? Yanzu jan maɓallin zai shiga.” Ta karɓa ta juya shi a hannunta, ta ce, “Ashe abin ba wuya.” Na ji daɗi har cikin raina, don ba kasafai nake sanin abin da Yaya Rabi ba ta sani ba.

Baba ma'aikacin reluwe ne, yana canza wa jirgi layi a tashar Kaura. Lokacin da na yi wayo jirgin ya fara wuyar gani, sai a yi kwanaki ba a ji kukansa ba, don haka Baba yakan dawo gida da wuri. A shekarar da aka ƙirƙiro mana jiha ya sayo rakodar nan, baƙa mai cin batir shida, kuma tun daga ranar bai yarda kowa ya taɓa ta ba sai ni, saboda ni kaɗai nake wanke hannu kafin in ɗauka. Duk Juma'a bayan la'asar yakan kama shirin gaishe-gaishe a rediyo, in an sa waƙar da yake so ya danna jan maɓalli. Matsalarsa ita ce ba ya iya yin shiru. Da waƙa ta ƙare sai ya tsayar da rediyon, ya bar kaset yana juyawa, ya hau sharhi kamar an tambaye shi. Mai kukuma ya fi kowa, in ji shi, don kukuma tana magana da zuciya, kalangu kuwa da ƙafa yake magana. Mai gurmi kaza muryarsa ta tsufa amma hankalinsa bai tsufa ba. Waƙar fada tana da daɗi in ba ka san wanda ake zugawa ba. Haka ya cika kaset guda gaba da baya, rabi waƙa rabi surutu, da kukan zakaranmu da ƙarar turmi a bayansa. Ni sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da shi ba. “Uwata, taho ki ji wanga,” haka yake cewa, kusan bayan kowace waƙa. Yaya Rabi kuwa 'yar fari ce, kuma Baba mutum ne mai kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, ba a taɓa jin sunanta a bakinsa ba. A cikin kaset ɗin akwai inda yake ɗaga murya yana cewa, “Ku ce ma waccan ta tsai da daka, ana ɗauka!” Duk gidan mukan yi dariya in an zo wurin. Wannan shi ne kaset mai lamba ɗaya.

Ni da Yaya Rabi ba mu taɓa shiri a kan waƙa ba, kuma wannan rashin shirin shi ne zumuncinmu. Ita 'yar Indiya ce. Tana da kaset uku na waƙoƙin fina-finansu, tana rera su tana surfe ba tare da ta san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Ni kuma na bi Baba, na ce waƙar da ba ka san abin da take faɗa ba hayaniya ce kawai. Sai ta ce ni tsohuwa ce aka haifa da furfura. In maƙwabtanmu sun tayar da janareta ranar Lahadi da rana, matan layin kan cika falonsu, ita ta zauna gaba tana share hawaye da gefen mayafi, ni ina baya kusa da ƙofa ina lura da cewa jarumar ta canza kaya sau biyar a waƙa ɗaya alhali ba ta koma gida ba. Na fi son fim ɗin 'yan Cana, domin a can in mutum yana son ya iya faɗa sai ya yi shekaru yana ɗebo ruwa yana sara itace tukuna, kuma wannan ya yi mini daidai da hankali. Fina-finan Hausa da suka fara shigowa a lokacin, ita ta ce suna ƙoƙari, ni na ce sauti ba ya fita. Abu ɗaya muka taɓa yarda a kansa, wani ɗan gem na hannu da maƙwabciyarmu ta zo da shi tsarabar Makka, wanda bulo ke saukowa daga sama kana jera su. Ni ina jerawa a hankali ba na barin rami, ita tana zubawa da sauri tana ihu, kuma abin haushi takan fi ni cin maki. A makaranta ma haka nake. 'Yan ajinmu suna gaɗa da 'yar carafke a filin tara, ni ina jingine da bango da littafi, ina jin kowace waƙa, ba na iya buɗe baki in shiga.

Baba ya rasu da damina, shekara biyu bayan sayen rakodar, bayan jinyar da ba ta kai mako ba. Da aka share makoki na zauna da allura na ɓalle 'yan haƙoran da ke saman kowane kaset, kamar yadda wani mai gyaran rediyo a bakin kasuwa ya taɓa nuna wa Baba ina tsaye. In aka ɓalle su, rami ya bayyana, jan maɓalli ba zai danne ba, ba mai iya ɗaukar wani abu a kai ko da kuskure. Na fara da lamba ɗaya. Daga nan kullum in na dawo daga Islamiyya na gama ɗebo ruwa, sai in sa shi a tsakar gida, in saurari fuska ɗaya yau, ɗayar gobe. In batir ya yi sanyi in shanya shi a rana. In zan mayar da zaren baya, biro nake zurawa in juya, don kada in ɓata wuta. Sau ɗaya zaren ya tsinke, na haɗa shi da jan farcen Yaya Rabi, na yi kwana biyu ina tsoron gwadawa. Inna ba ta taɓa hana ni ba. Yaya Rabi kuma takan ci gaba da aikinta, tana tankaɗe ko tana wanke-wanke, ta ba mu baya.

Sai shari'a ta zo. Mun yi murna kamar kowa, Inna har sadakar ƙosai ta yi. Aka rufe gidajen kallo, makaɗa suka yi shiru, masu sayar da kaset a tasha suka mayar da teburinsu na wa'azi da karatu. Tare da haka sai jita-jita ta cika gari cewa za a bi gida-gida ana neman kaset na kiɗa. Baffa Isa, ƙanen Baba, ya taso daga Zurmi a kan babur musamman saboda wannan. Ba mugun mutum ba ne, tsoro ne da shi, kuma yana ganin gidan marayu ba ya buƙatar abin magana. Ya ce wa Inna ko dai a ƙone su, ko a mayar da su na wa'azi kafin ya dawo wani mako. A daidai lokacin Yaya Rabi ta zo ganin gida daga Shinkafi, inda ta yi aure wata uku kafin nan, ni kuma saura kwana huɗu in tafi makarantar kwana.

Abin da ya kai mu gindin dalbejiya a wannan Larabar ke nan. Shawarar ma tawa ce. Za mu toshe ramukan kaset goma mu ɗauki wa'azi a kansu, Baffa ya gani hankalinsa ya kwanta. Lamba ɗaya kuwa Yaya Rabi za ta tafi da shi ta ɓoye a cikin jeren kwanukanta, inda babu namijin da zai sa hannu. Ban yi kukan sauran ba, ko da yake akwai na mai kukuma guda biyu da har yau ban sake jin irinsu ba. Na naɗe lamba ɗaya a cikin ɗankwalina na Sallah, na miƙa mata da hannu biyu. Na ce, “Yaya, amana.” Ta ce, “Haba, Uwar Baba, sai ka ce wani jariri.” Na rubuta a littafina: an ba Yaya Rabi ajiya, ƙarfe biyar saura kwata.

Zango guda na yi a makaranta ina ƙirga kwanaki. Ban yi ƙawa ba sai can wajen ƙarshe, kuma abin da nake yi in kewa ta dame ni shi ne in maimaita kaset ɗin a kaina daga farko, har da tarin da Baba yake yi kafin waƙa ta uku. Da aka yi hutu na roƙi Inna ta bar ni in bi wata maƙwabciya zuwa Shinkafi ranar Alhamis ta kasuwa, rakodar tana kan cinyata a cikin mota, da sabon batir a ƙullin zanena. Yaya Rabi ta tarbe ni da fura, ta yi ta jan hira a kan makaranta da abincin da ake ba mu. Sai da na tambaya sau uku sannan ta tashi ta ɗauko ɗankwalin. Tun kafin in sa kaset ɗin na gani. Ramukan biyu a toshe suke. Na zaro takardar da tsinke, na warware ta. An ninke ta sau huɗu, daidai yadda na koya mata. Duk da haka na sa shi na danna. Muryar wani malami ce ta fito, yana bayani a kan hukuncin alwala. Na tura gaba, shi ne. Na juya baya, shi ne, har ƙarshen zare. Ko zakaranmu bai tsira ba.

Da farko ta ce kuskure ne, ta ɗauka wani ne. Na nuna mata lambar da na manna, ɗaya, da jan biro, ga ta nan ɓaro-ɓaro, na ce kuskure ba ya ninke takarda sau huɗu. Sai ta canza, ta ce kiɗa haramun ne, ba ta son a riƙa ɗora wa Baba nauyi yana kabari. Na kusa yarda. Amma da yamma ta aike ni in ɗauko mata babban kwano daga cikin jere, na ɗaga murfi, sai ga kaset ɗinta uku na Indiya a kwance, lafiya lau, a wurin da nawa ya kamata ya kasance. Na mayar da murfin a hankali. Ban ce mata na gani ba. Da safe na bi motar farko, kuma a ƙarshe ba wanda ya taɓa shiga gidanmu ko gidan kowa a layinmu neman kaset.

Shekara ashirin da wani abu muka yi muna zumunci na gaisuwa. Na je sunan 'ya'yanta duka, ta yi tsaye a kan aurena, ba mu taɓa ɗaga wa juna murya ba, amma ban sake ba ta ajiyar ko allura ba. Yanzu komai yana cikin waya. Ɗiyata takan ɗauki muryata ina faɗa ta aika wa ƙawayenta suna dariya, in ta goge ma akwai wani kwafin a wani wuri. Waƙoƙin da Baba ke so na samo da yawansu, an tsabtace su, ba kukan kaza, ba turmi, ba mai katse su da surutu. Ina sa su, in waƙa ta ƙare sai in sami kaina ina jiran wani ya yi tari. Muryarsa kuwa tana ɓace mini a hankali. Kalmomin suna nan a littafina, sautin ne ba ya dawowa.

Bara, bayan rasuwar Inna, muna rabon kayan ɗakinta ni da Yaya Rabi, sai ga rakodar a bayan akwati, ta yi tsatsa. Muka tsaya muna kallonta. Na ce, “Yaya, na ga na Indiya a cikin kwano tun ranar. Don Allah ki gaya mini gaskiya.”

Ta zauna a bakin gado, ta daɗe tana goge ƙurar rakodar da gefen zanenta.

“Ke da kike rubuta komi,” ta ce, “sau nawa ya ce Uwata a ciki?”

Na ce, “Sha tara.”

“Ni fa?”

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

“Sau ɗaya. Waccan. Na san kunya ce, ba ƙi ba. Yana da rai ban damu ba, don in ya faɗa ina ganin idonsa. Da ya tafi, idon ya tafi, sai waccan ta rage. Ke kuma kullum bayan la'asar sai kin kunna mini ita, kuna dariya, ni ina wanke-wanke.”