Ƙusa Ashirin Da Ɗaya Na Kawu

Tsoron ya shige ni ne lokacin da Kawu ya zaro fensirin da ke bayan kunnensa, ya hau kan benci, ya zura shi cikin wata 'yar tsaga a rufin kankaren da muka zuba. Fensirin ya shige har rabi. Ya sauko a hankali, ya dube ni, ya ce, "Mai Digiri, fitar min da mutane daga ɗakin nan."

Kawu yayan mahaifiyata ne, kuma kafinta ne tun ba a haife ni ba. Da kujerun 'yan makaranta ya fara, ya koma ɗora rufin kwano, daga baya ya ƙware a haɗa katakon da ake zuba kankare a kai. Babban yatsansa na hagu guntu ne, zarto ya cinye rabi. Yakan ce abin da ya rage inci ɗaya ne cif, don haka ko tef ya ɓata shi bai yi asara ba. Da aka buɗe cibiyar koyon sana'a a unguwarmu sai aka ɗauke shi, amma da yake ba shi da takardar shaida, mataimaki aka rubuta shi. Malamin da ke da takardar, wanda muke kira Injiniya, sau ɗaya yake leƙowa a mako, da farin takalminsa. Shekara goma sha ɗaya Kawu ne ke koyar da komai, daga riƙon guduma har fitar da kusurwar gini.

Ni kuwa shekara uku na yi da gama jami'a ina yawo da fayil a hammata. Wata rana ya zo gidanmu ya same ni kwance da rana tsaka, ya ce da mahaifiyata, "Ƙanwata, ba ni shi. Takardar nan tasa ba ta tare ruwan sama, bari in koya masa abin da ke tarewa."

Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. Duk ranar da aka zuba rufi, sai ya rataye guntun katako a bakin ƙofa. Kowace safiya, in ya gama ba kankaren ruwa, ya buga ƙusa ɗaya a jiki. Sai ƙusa ta cika ashirin da ɗaya ake taɓa sandunan da suka tokare rufin daga ƙasa. Ko birkilan da ke aiki da mu ya yi ta mita, Kawu ba ya ko ɗaga kai.

Aikin ajinmu na ƙarshe shi ne ƙaramin ɗakin taro. Ranar ƙusa ta tara shugaban cibiya ya zo ya ce an matso da bikin yaye mu, manyan baƙi za su zo ranar Asabar, kuma a sabon ɗakin yake so a zauna.

"A cire min sandunan nan, wuri ya zama kamar daji."

"Ranka ya daɗe, ƙusa tara ce fa," in ji Kawu.

"Ina maka maganar baƙi, kana ba ni labarin ƙusa?"

A nan na buɗe bakina, ba wanda ya tambaye ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, a jikin buhun an rubuta simintin mai saurin kamawa ne. Na karanta, kwana bakwai ya isa." Kwana bakwan da na karanta a waya na cire katakon gefe ne, ba sandunan ƙasa ba. Wannan sai daga baya na gane.

Shugaba ya dafa kafaɗata ya ce, "Kun ji amfanin ilimi."

Kawu ya ce, "Ɗan ƙanwata, buhun ne zai zauna a ƙarƙashi, ko mutane?"

'Yan aji suka kwashe da dariya, abin ya yi min ciwo. Shi ya sa ranar Juma'a, da shugaba ya aiki Kawu kasuwar katako ya kuma ce in jagoranci cire sandunan, ban yi gardama ba. Kafin ya dawo mun fitar da su kaf, mun share, mun fara jera benci.

Dawowarsa ke nan ya gwada tsagar da fensiri. Da muka fita kamar yadda ya ce, shi sai ya saɓa sanda a kafaɗa ya koma ciki, birkila na biye da shi. Na ce, "Kawu, don Allah bar shi!"

"In ya faɗi, aikin wa za a ce?"

Sun kafa uku. Suna kan ta huɗu tsakiyar rufin ta sauko. Birkila yana kusa da ƙofa, ya tsira da ƙujewa. Da hannu muka yi ta yaye ɓaraguzai har muka kai ga Kawu. Idonsa biyu. Abin da ya fara tambaya shi ne ko kowa ya fita.

Washegari shugaba ya rubuta rahoto cewa wani mataimaki marar takarda ne ya yi aikin ba da sanin Injiniya ba. Babu sunana a ciki. Ya kira ni ofis ya ce ni yaro ne mai gaba, in kama bakina, takardar yaye ni tana nan a shirye. Na je na faɗa wa Injiniya gaskiya, ya ce shi ba ya nan aka yi. Mahaifiyata ma na faɗa mata. Tun ranar abinci kawai take ajiye min, ba ta duban fuskata.

Matar Kawu ba ta sani ba. Duk lokacin da na shiga asibiti sai ta kama hannuwana da suka sha yanka ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana, kai ka tono min shi." Shi yana ji daga kan gado, bai taɓa gyara mata zancen ba.

Shekaranjiya aka yi masa aiki a ƙashin baya. Har yanzu ba ya jin ƙafafunsa. Likita ya ce sai kumburin ya sauka za a san ko zai sake tafiya, wataƙila nan da mako guda. Muna jira.