Zanen Garin Shinkafa a Ƙofar Baya

A gidan da na yi aikatau a Aziziyya, shekarun da nake zaune Jidda ba iƙama, wato takardar izinin zama, mu biyu ne 'yan aiki: ni mai shara da wanki, sai wata Ba'indiya mai girki, 'yar addinin Hindu. Kullum bakinta kamar gonar auduga. Ni kuwa fuskata a murtuke take, don na baro 'ya'ya a gida, kuma haushin mai fara'a ba dalili nake ji.

Kowace safiya sai in tarar da wani farin zane a bakin ƙofar baya, ɗigo-ɗigo da layuka masu lanƙwasa, daidai inda nake fara shara. Ban tsaya tambaya ba, na ce asiri ne, so take a kore ni ta kawo 'yar'uwarta. In tofa addu'a in share, gobe ya dawo har ya fi na jiya kyau.

Ran da na ƙule na tsare ta a kicin. Larabcinmu duka gurgu ne, hannu ke ƙarasa magana.

"Ke, me kike binne mini a ƙofa?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ja ni waje, ta nuna mini tururuwa sun yi layi suna kwasa.

"Garin shinkafa ne, Hajiya. Karin kumallonsu."

Ta ce a addininsu da farin ciki aka gina ran mutum, baƙin ciki baƙo ne, kwana yake ya wuce. In tana zanen tana rera wa abin bautarta waƙa a zuci, sai ta tuna hakan. Ashe ita ma 'ya'ya ta baro.

Ban karɓi addininta ba, ba ta kuma nema ba. Amma na daina tofi.

Wata safiya uwar gidan ta fito ba zato, ta tsaya a kan zanen. A can ƙasar kuwa zargin sihiri ba a kora kawai yake tsayawa ba.

"Esh hada?" ta tambaya, wato mene ne wannan.

"Ni ce, Madam," na ce. "Gari ya zube mini, nake wasa da shi."

Ta wanke ni tas, ta ce halas, yalla, wato shi ke nan, maza in share, ta shige.

Na juya na ga Ba'indiyar a bayan ƙofa, ta toshe baki da gyale, hawaye shaɓe-shaɓe, kafaɗunta na rawa. Ban san ko kuka take ko dariya ba. Ni dai dariya ce ta ƙwace mini, irin wadda rabona da ita tun ina gida, har na zauna daɓas a ƙasa da tsintsiya a hannu.