Kilif Ɗin Baba Modu da Sawun Ruwa a Bangon Inna

Ƙarfe bakwai saura na safiyar yau Habu ya kira ni, muryarsa a dishe, ya ce mahaifinsa Baba Modu Mai Wayarin ya cika bayan sallar asuba. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Mutum huɗu sun riga sun tambaye ni dalilin da ya sa ba su gan ni a sahun jana'iza ba. Tambayar tana bisa haƙƙi, kuma zan amsa ta a bainar jama'a, domin a bainar jama'a na sha yin alfahari.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Modu shi ne dattijon da ke da rumfar kayan wuta a bakin kasuwar Haɗeja, mai guduma ƙarama a aljihun gaba da gwangwanin madara cike da kilif. Kilif shi ne ɗan farin robar nan mai ƙusa guda da ake maƙale waya da shi a jikin bango. Ina ɗalibi, a rumfarsa nake gwada abin da aka koya mana a allo. Bai taɓa hana ni mitarsa ba, ko ranar da na ƙona masa ita.

Bara na kammala digiri a fannin lantarki, na ƙudiri aniyar cewa aikina na farko zai zama na mahaifiyata. Inna tana zaune a Guri da jikokinta uku, a gidan tubali da aka shafe da siminti. Na sayi sola da batir da infata, na'urar da ke mai da cajin batir wutar gida, na zana taswira, na ɗauki Baba Modu a matsayin mai aiwatarwa. Haka na rubuta a takardar, mai aiwatarwa.

Da muka isa bai ko dubi taswirar ba. Ya tsuguna yana shafa bango har ya sami wani layi mai duhu daidai gwiwarsa.

Ya ce, “Injiniya, ga sawun ruwa. Nan ya tsaya wancan karon. Waya kamu ɗaya take bi a samansa, kilif kuma taƙi ɗaya tsakaninsa da ɗan'uwansa.”

Ya buɗe tafin hannunsa a bango, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, ya nuna min taƙin.

Na yi dariya. Na shaida masa cewa ilimin zamani ba ya amincewa da ma'aunin da ke sauyawa gwargwadon girman hannun mai aunawa, kuma ƙa'idar ƙawata ɗaki ta tanadi waya ta bi gindin bango inda ido ba ya kai wa. Na ƙara da cewa yawan kilif almubazzaranci ne.

Ya ce, “To, Injiniya. Amma ƙusar kilif gajera ce, a fatar siminti kaɗai take tsayawa. Ran da tubali ya sha ruwa, fatar za ta saki.”

Na ce masa wannan hasashe ne maras hujja.

Ya yi aikin yadda na umarta. Waya falat ta bi ƙasa, kilif ɗaya a kowane taku biyu, soket a bayan gadon Inna, da wani haɗi da na naɗe da baƙin salatif da hannuna domin wayar ta gaza. Na ɗauki hoto na ɗora a nan shafin, wasunku har sun yi min jinjina.

Ganina da shi na ƙarshe kwana tara ke nan, a rumfarsa. Yana ware kilif masu kafaɗa na waya falat daga masu zagaye, ɗaya bayan ɗaya, numfashinsa yana ɗan sarƙewa. Bai ɗago ba ya ce, “Ruwan bana yana da nauyi. Masunta sun ce ciyawar kacalla ta toshe hanyar kogi, gefe ruwan zai nema. Ka je ka ɗaga wa Inna wayarta.”

Na amsa da cewa zan duba jadawalina.

Ya ce, “Allah ya ba jadawali lafiya.” Ya miƙo min goro.

Ban je ba. Ba aiki ne ya hana ni ba. Zuwa yana nufin in tsaya gaban Inna in ce tsohon da ko firamare bai gama ba ya fi ni gaskiya.

Yau, minti ashirin bayan kiran Habu, ina neman hula zan nufi gidan rasuwa, saƙo ya shigo rukunin 'yan garinmu: ruwa ya shiga unguwarmu a Guri tun da sassafe, ya kai ƙwauri a wasu gidajen.

Wanda ya san infata ya san ba ta jiran kowa ya kawo wuta. Muddin batir na da caji, waya a raye take. Ni kuma ban taɓa nuna wa Inna inda ake kashe ta ba, na ce mata ne kawai kada kowa ya taɓa. Na tuna haɗin nan mai salatif, taƙi ɗaya daga ƙasa. Na tuna jikokinta ba sa sa takalmi a cikin gida.

Na kira Inna, a kashe. Na kira maƙwabcinmu Malam Isa, ba ta shiga. Na sake kiran Inna sau goma sha ɗaya.

An sa jana'iza ƙarfe tara. Na tsaya a bakin titi, gidan Baba Modu yana hannun dama, tasha tana hagu. Na bi hagu.

Mota ta sauke mu inda ruwa ya yanke hanya. Muka jira kwalekwale kusan awa guda, mutane na lodin buhuna da awaki, ni ina ta danna waya. Mai tuƙin ya dube ni ya ce, “Alhaji, in ka ci gaba da rawar ƙafar nan za ka kifar da mu.” Na dafe ƙafar da hannu.

Na shiga gidanmu ruwa yana dukan gwiwata. Tun daga zaure nake kiran kada kowa ya motsa, kada a taɓa bango.

Inna tana zaune a kan gadon da aka ɗora bisa bulo, jikokin a gefenta, fanka tana juyawa a kansu.

Na haska gindin bango. Simintin ya kumbura ya zube a wurare, kamar yadda aka faɗa min. Amma babu waya a wurin, sai 'yan ramukan ƙusa.

Na ɗaga kai. Ga ta can sama, kamu ɗaya bisa tsohon sawun ruwa, a miƙe kamar an ja ta da zare. An kafa siririn katako a bango da dogayen ƙusoshi, kilif yana zaune a kan katakon, taƙi ɗaya, taƙi ɗaya, har ƙofa. Soket ya koma daidai kafaɗa. Infata da batir suna kan sabon kanta kusa da rufi. Haɗina mai salatif babu shi, an sa waya guda.

Inna ta ce, “Modu ne. Ran Talata ya zo a motar kasuwa, ya wuni a kan turmi yana bugawa, yana hutawa, yana bugawa. Ya ce Injiniya ne ya turo shi.”

Na ce, “Inna, ban turo shi ba.”

Ta ce, “Na sani, Nasiru. Da kai ka turo shi, ai da ka kira ka yi min lacca tukuna.”

Sai na gaya mata ya rasu. Ta yi salati. Daga baya ta nuna min saman ƙofa da haɓa.

Layin da zai tafi ɗakin girki bai ƙarasa ba. Ya cire shi daga wuta, ya naɗe wayar ya rataye a ƙusa, ya ajiye gwangwanin madararsa a kan dakalin taga. Inna ta ce jiri ne ya ɗebe shi da la'asar, ta hana shi sake hawa. Da zai tafi ya ce mata, “A bar wa Injiniya wannan, zai zo. Hannunsa ya fi nawa tsawo, sai ya ɗan rage.”

Na hau turmin da ya hau, ruwa yana wucewa a ƙarƙashina. Na buɗe hannu a kan katako, na ɗan rage, na buga. Ƙusa uku na lanƙwasa kafin ta huɗu ta shiga daidai.

A lokacin an riga an binne Baba Modu.

Hoton bara yana nan a shafina, ban goge ba, kuma ba zan goge ba. Duk wanda ya kwaikwayi wannan aikin a gidan da ruwa ke shiga, ina roƙonsa ya kashe wutarsa yau, ya nemi sawun ruwa a bangonsa, ya ɗaga wayarsa sama da shi.

Habu, gwangwanin Baba yana hannuna. Gobe in Allah ya kai mu zan kawo shi tare da ta'aziyyata, in tsaya a kabarinsa in faɗi abin da ya kamata in faɗa a rumfa.

Ya Allah ka gafarta wa Baba Modu, ka haskaka kabarinsa, ka suturta shi kamar yadda ya suturta ni a gaban mahaifiyata. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka janye wannan ruwa daga gidajen bayinka.

Wanda ya karanta har nan, don Allah kada ya tsaya a danna alama. Ya ɗaga hannu ya ambaci sunansa, Modu.