Hodar Kaji da Ruwan Zafin Mma Lariba

Har yau ban manta ranar da aka jawo ni cikin rigimar hodar kaji ba, ni da ko sunanta da ƙyar nake faɗa. Enzayim, wai. Aikina a gidan Alhaji Isaka na unguwar Maamobi share keji ne da haɗa abinci, ba binciken ɓarawo ba.

Ku sababbin ma'aikata, ku ji yadda abin yake. Masara ta yi tsada, sai Alhaji ya koma haɗawa da dusa, wadda nake ɗebowa wajen masu koko a Kawukudi. Likitar dabbobi ta ce cikin burola, wato kajin nama, ba ya narkar da dusa sosai, sai an barbaɗa wannan hodar. Sharaɗinta ɗaya: kada zafi ya taɓa ta. Kullum da safe in auna, in cuɗa a baho, in bar wa Mma Lariba, mahaifiyar Alhaji, ta zuba musu, ni in tafi ɗebo dusa.

Sallah ta matso, kaji sun ƙi ƙiba. Kashinsu ruwa-ruwa, ƙirji kamar na tantabara. Alhaji ya fara kallona ta gefen ido. Ya tambayi inda na samu sabon takalmi. Ya shinshina bahon. Ya ce an gaya masa hodar tana da kasuwa a unguwar Madina. A ƙarshe ya rantse a gaban kowa: duk wanda ya ci hodar nan, ranar zai kwashe kayansa, kuma sai an ji sunansa a masallaci.

Cale, 'yan'uwa, a nan Zongo in aka kira ka ɓarawo sau ɗaya, har jikanka sai ya gada. Nima na shiga zargi. Na zargi mai sayar da hodar, na zargi masu dusa, har kajin na zarga.

Washegari na yi kamar na tafi, na zagayo ta lungu. Na tarar da Mma a tsakar gida, ta sauke tafasasshen ruwa tana kwarara a bahon, tana juyawa da muciya. Tsohuwar mai koko ce, hannunta bai san wani aiki da gari ba sai damu. Ashe zafin nan ne ke cinye hodar. Na je na kira Alhaji.

Ta ce ita ba za ta ba mai rai ɗanyen gari ba, ko kaza ce, ai zalunci ne. Alhaji ya fara kame-kame, wai laifina ne da ban yi mata bayani ba, wai yaran yanzu ba mu da ladabi.

Na cire hula, na durƙusa.

"Alhaji, ka yi rantsuwa. Ni zan kwashe wa Mma kayanta, ko kai? Sanarwar masallaci kuma, bayan azahar ko la'asar?"